Yadda Wutar Filasma Ke Tona Ƙarfen da Ke Ɓoye Cikin Kaki

Da zarar sanyin hunturu ya kankama a Kano, cinikin man shafawa ne ke fara tashi. A layukan 'yan kayan kwalliya na Kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, katan-katan na basilin da man leɓe da man kitso ke fita zuwa garuruwa na kusa da na nesa, har tsallaken iyaka. Wasu daga manyan kamfanoni suke, wasu kuwa a ƙananan wuraren sana'a ake haɗa su, inda ake narka farin kaki da mai a babbar tukunya, a zuba turare da launi, a ɗura a robobi. Kyandir ma kaki ne, kuma akwai kaki a jan-baki da man goge takalmi da kalar zanen 'yan firamare. Ko atamfar Kantin Kwari, can cikin Fagge, asalin fasaharta kaki ko ƙaro ake ɗora wa yadi don ya tare rini.

Kakin da ke shiga waɗannan kaya iri-iri ne. Akwai kakin zuma, wanda kakanninmu suka sani, yana narkewa a digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas. Akwai farafin, wanda ake cirowa daga ɗanyen man fetur, shi ne mafi araha kuma mafi yawa a kasuwa. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana da sashen da aka gina don fitar da man inji da kwalta da kaki, amma ta yi shekara da shekaru ba ta aiki, don haka masu sana'a sun dogara da wanda ake shigowa da shi, kuma ƙasar Sin ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Sai kanoba, kakin ganyen wata bishiya dangin giginya da ke Birazil, mai tauri, wanda sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa; shi ke ba jan-baki da man takalmi ƙyalli.

A tsarin halittarsa kaki ba ya ƙunshe da ƙarfe. Kusan dukkansa kabon ne da haidirojin, da ɗan iskar oksijin a na zuma da na kanoba. Duk ƙarfen da aka samu a cikinsa baƙo ne, kuma ƙofofin shigarsa sanannu ne. Ɗanyen mai yana zuwa da nikel da banadiyam tun daga ƙarƙashin ƙasa. A matata akan wanke kaki ta hanyar bi da shi kan wasu sinadarai masu nikel ko molibdinam, kuma ɗan abu kaɗan na iya biyo shi. Tukunyar da aka narka shi a ciki tana ba da nata kason: masu kiwon zuma sun daɗe da sanin cewa kakin da aka dafa a tukunyar baƙin ƙarfe ko ta tagulla yakan dushe ya yi duhu. Tukwanen da ake zubawa da tarkacen ƙarafa kuwa, babu mai iya rantsuwa kan abin da aka narka aka yi su da shi. Babbar ƙofa ita ce launi, domin wasu launukan rawaya da ja masu araha da dalma ko kadmiyam ake yin su.

Adadin da ake magana a kai ƙanƙane ne ƙwarai. Ana auna shi da kashi cikin miliyan, wato miligiram ɗaya a kowane kilo. Kashi ɗaya cikin miliyan shi ne giram ɗaya tak a cikin buhu 20 masu kilo 50. Ido ba ya ganin wannan, hanci ba ya jinsa, sikeli kuma ba ya ɗaukarsa. Da haske ake gano shi.

Duk wadda ta taɓa ganin ruwan miya ya zuba a kan wutar gas ta ga tushen wannan ilimi. Shuɗiyar wutar takan koma ruwan ɗorawa nan take, kuma sodiyam ɗin da ke cikin gishiri ne ya jawo haka. Wayar tagulla kuma koren harshe take bayarwa. A wajen 1859 zuwa 1860, a garin Haidalbag na Jamus, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka bi da hasken irin wannan wuta ta cikin gilashi mai kusurwa uku, wanda ke warware haske zuwa launukansa. Suka ga kowane sinadari yana fitar da siraran layukan haske a wurare nasa na kansa, waɗanda ba sa canzawa ko daga ina aka samo shi. Da wannan dabara suka gano sababbin sinadarai biyu, siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861. Da ita ce kuma aka hango hiliyam a hasken rana a 1868, shekaru 27 kafin a same shi a doron ƙasa.

Dalilin layukan yana cikin ƙwayar zarra. Kowace ƙwaya tana da ilektiron da ke zaune a matakai tsararru. Idan zafi ya buge ta, ilektiron yakan haura mataki na sama, amma ba ya daɗewa sai ya faɗo, kuma ƙarfin da ya ɗauka ya hau da shi yakan fita a matsayin haske. Tazarar matakan dalma daban take da ta tutiya ko ta tagulla, saboda haka hasken da kowanne ke fitarwa yana da nasa tsawon zango. Ana auna zangon da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Sodiyam yana haskawa a wajen 589, tagulla a 324.75, nikel a 231.60, dalma a 220.35. Na sodiyam ne kaɗai ido ke gani a cikin waɗannan, sauran sai na'ura. Wurin da layi ya fito yana faɗin wane ƙarfe ne, ƙarfin haskensa kuma yana faɗin yawansa.

Matsalar wutar gas ita ce ba ta da zafin da zai motsa yawancin ƙarafa su yi haske sosai. Aka yi ta neman wuta mafi zafi har aka dace da filasma, wato iskar da zafi ya kai ta matsayin da ilektiron ke ɓallewa daga ƙwayoyinta, ta zama mai ɗaukar lantarki. Walƙiyar damina filasma ce, haka hasken da mai walda ke kare idonsa daga gare shi. A 1964 Stanley Greenfield da abokan aikinsa a Ingila, sannan a 1965 Velmer Fassel da Richard Wendt a Jami'ar Jihar Ayowa ta Amurka, suka nuna yadda za a riƙe filasma a tsaye wuri guda a riƙa cusa mata abin da ake son aunawa. A wajen 1974 na'urorin suka shiga kasuwa. A takardun ɗakin gwaji sunan hanyar ICP-OES.

Wurin da wutar ke ci abin kallo ne. Bututu uku ne na gilashin kwaz, ɗaya cikin ɗaya, faɗin na wajen bai wuce santimita biyu ba. A bakinsu an naɗe siririn bututun tagulla zagaye biyu ko uku, ruwan sanyi na gudana a cikinsa. Ana sakar wa wannan naɗi lantarki mai juyawa sau miliyan 27 ko miliyan 40 a daƙiƙa guda, da ƙarfin kilowat ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Iskar agon na bi ta cikin bututun. Sai a kyasta tartsatsi sau ɗaya, wasu ilektiron su ɓalle, maganaɗisun naɗin ya fizge su yana juya su, su yi ta karo da sauran ƙwayoyin agon, cikin ƙiftawar ido wani farin harshe mai ɗaukar ido ya tsaya a bakin bututun. Babu abin da ke ƙonewa a wurin, lantarki ne kawai ke ciyar da shi. Zafinsa digiri 6,000 zuwa 10,000 ne, alhali fuskar rana wajen 5,500 take. Gilashin da kansa ba zai jure ko rabin wannan ba; abin da ke cetonsa shi ne agon da ke zagayawa da sauri a jikin bangonsa, fiye da lita goma a minti ɗaya, yana raba shi da wutar.

Dabarar da ta sa abin ya yi aiki ita ce siffar wutar. Lantarkin ya fi dumama gefe, don haka tsakiyar ba ta kai gefen zafi ba, kuma ta nan ake huda hanya. Ɗan famfo yana jawo ruwan samfurin ta siririyar roba zuwa wani bakin feshi, inda agon ke farfasa shi ya zama hazo. Manyan ɗigo suna faɗawa magudana, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ne kawai ke wucewa ta bututun tsakiya. A cikin ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa ba ɗigon ya bushe, ya zama tururi, ya rarrabu zuwa ƙwayoyin zarra, su yi haske. Madubai suna kai hasken kan wani faranti mai dubban siraran zane, wanda ke warware shi, sannan ya sauka a kan idon lantarki irin na kyamarar waya. A minti ɗaya ko biyu ana iya karanta sinadarai 20 ko 30 a tashi guda.

Na'urar ba ta san miligiram ba, ƙarfin haske kawai take gani. Kamar sikelin mahauci ne, wanda ba ya faɗin komai sai an ɗora dutsen awo a ɗaya ɓangaren. Kafin a fara aiki ana ba ta ruwan da aka san adadin ƙarfen da ke cikinsa, daga kaɗan zuwa mai yawa, kwamfuta ta ja layin da ke danganta haske da adadi, sannan a gwada samfurin da wannan layi.

Duk wannan an tsara shi ne don ruwa, kuma a nan kaki ke ba da wahala. Ba ya narkewa a ruwa. Idan aka narka shi da zafi aka tura, zai daskare a cikin robar kafin ya isa, ya toshe bakin feshin. Dole a fara mayar da shi abin da na'urar za ta iya sha, ba tare da an zubar da ƙarfen da ke ciki ko an ƙara masa wani ba.

Tsohuwar hanya ita ce toyawa. A auna kaki a ɗan kasko mai jure wuta, a ƙone shi a hankali, a sa a tanderu mai zafin digiri 500 zuwa 550 har sai toka kaɗai ta rage, a narka tokar a ruwan asid. Tana da arha, kuma tana ba da damar amfani da kaki mai yawa. Illarta ita ce wasu daga cikin abubuwan da aka fi tsoro ba sa jiran a gama: zaiba takan bi hayaƙi gaba ɗaya, asanik ma haka, dalma da kadmiyam kuma suna raguwa idan zafin ya yi yawa. Sakamakon sai ya fito da kyau fiye da gaskiya.

Hanya ta biyu ita ce a narka kakin a wani mai marar kauri, kamar zailin ko tataccen kananzir, a tura shi haka. Tana da sauri, kuma masu gwada man inji sun saba da ita. Amma kaki kaɗan ne ke narkewa kafin ruwan ya yi kauri, sau da yawa sai an dumama robar da akwatin da hazon ke bi ta ciki. Filasma ma ba ta son mai. Da ya shiga, wani koren harshe yakan bayyana a gindin wutar, alamar kabon, kuma baƙin kunkunniya ya fara taruwa a bakin bututun tsakiya har ya iya kashe ta. Maganin shi ne a saka 'yar iskar oksijin ta ƙone kabon ɗin. Ruwan gwajin da aka san adadin ƙarfensa ma dole ya zama na mai, mai kauri daidai da na samfurin, in ba haka ba feshin ba zai zo ɗaya ba. Don kama irin wannan bambanci akan zuba wani ƙarfe da ba a sa ran samu a kaki, galibi itiriyam, daidai wa daida a kowace kwalba. Idan haskensa ya ragu da kashi goma cikin ɗari, an san na sauran ma ya ragu haka, sai a gyara lissafi. Akwai kuma abin da wannan hanya ke kuskurewa: ƙarfen da ya shiga a matsayin ɓarɓashi, kamar tsatsar tukunya ko garin launi, ba ya narkewa a mai, yakan kwanta a gindin kwalba.

Ta ukun ita ce aka fi yarda da ita a yau. Ana sa ɗan kaki, kwatan giram ko ƙasa da haka, a kwalbar Teflon mai kauri, a zuba asid na naitirik, a rufe gam, a dafa a na'urar maikurowef ta ɗakin gwaji har zafi ya kai digiri 200 ko fiye. Asid ɗin yana cinye kakin ya mayar da shi iska da ruwa, ƙarafan su zauna a cikin ruwa garau, kuma tun da a rufe take babu abin da ke tserewa. Dalilin da ya sa ake sa kaɗan shi ne iskar da kakin ke fitarwa tana da yawa, kwalbar na iya fashewa. Farafin ya fi kakin zuma taurin kai a nan. Idan aka buɗe aka ga farin abu yana yawo a sama, aikin bai kammala ba.

Ƙanƙantar samfurin tana da farashi. A ce an narka kwatan giram aka cika shi zuwa mililita 25: an tsarma shi sau 100 ke nan. Idan mafi ƙanƙantar dalmar da na'urar ke iya gani a ruwa ita ce kashi 10 cikin biliyan, to a kakin kashi ɗaya cikin miliyan ne iyakar ganinta. Saboda haka idan takarda ta ce ba a gano dalma ba, ma'anarta ita ce ba ta kai wannan iyaka ba. Takardar da ba ta rubuta iyakar ba ta ɓoye rabin labarin.

Gurɓata daga waje ita ce ɗaya damuwar, kuma Kano tana da nata kaso na musamman. Ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, cike take da baƙin ƙarfe da alminiyam da kalsiyam. Kwalba ɗaya da aka bari a buɗe a watan Janairu ta isa ta ɓata sakamakon waɗannan. Wuƙar ƙarfe da aka yanki kakin da ita, ko asid marar tsarki, ko ruwan da ba a tace sosai ba, duk suna ƙara nasu. Shi ya sa ake tafiyar da kwalba guda babu kaki a ciki, ta bi duk matakan da sauran suka bi, a cire abin da ta nuna. Akan kuma ƙara sanannen adadin dalma a wani samfurin a ga ko zai dawo cif. Hasken ma yakan yi ruɗani, domin baƙin ƙarfe shi kaɗai yana da dubban layuka. Layin kadmiyam na 228.802 da na asanik na 228.812 kusan a manne suke, har mai yawan asanik zai iya fitowa kamar mai kadmiyam. Gogaggen ma'aikaci yakan karanta kowane ƙarfe a layi biyu ko uku, idan ba su yi daidai ba ya san akwai magana.

Na'urar tana da tsadar saye da tsadar riƙo. Babbar tukunyar agon ba ta wuce aikin sa'o'i goma zuwa sha biyu, kuma tana son mai tsarki sosai, da wutar lantarki marar yankewa, da ɗaki mai sanyi. Wannan ne ya sa yawancin binciken ƙarafa a jami'o'in Arewa, irin wanda ake yi kan ruwan Jakara da na masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa, aka yi shi da tsohuwar na'urar AAS, wadda Alan Walsh ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1955. Ita tana auna hasken da ƙarfe ya shanye ne, ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. A 2011 kamfanin Agilent ya fito da wata mai filasmar naitirojin, wadda ake iya tace iskarta daga iskar da muke shaƙa, abin da ya rage dogaro da tukunyar agon. A Zariya kuma, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya tun 2004, wanda ke auna sinadarai da dama ba tare da an narka samfurin ba, ko da yake dalma ba ta cikin waɗanda ya ƙware a kai.

Akwai tambayoyin da filasma ba ta amsawa. Tana farfasa komai zuwa ƙwayar zarra, don haka ba ta bambance kuromiyam mai haɗari da marar haɗari sosai, jimilla take bayarwa. Ba ta gane kakin zuman da aka yi wa algus da farafin, ba ta ganin ragowar sinadaran fetur a basilin da ba a tace da kyau ba, ba ta ganin haidurokwinon a man bilicin. Zaiba ma akwai na'urar da ta fi ta iya kama ta.

To, adadi nawa ne ya zama abin damuwa? Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada jan-baki 400 ta samu matsakaicin dalma kusan kashi ɗaya cikin miliyan, mafi yawa ya ɗan haura bakwai, kuma a 2016 ta ba da shawarar kada a wuce goma. A 2003 Amurka ta haramta kyandir mai dalma a lagwani, domin shi hayaƙinsa ake shaƙa. A kwatanta da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma a wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan. Tazarar tana da girma, kuma a ganina farin kaki tatacce ba shi ne abin da ya kamata ya hana uwa barci ba. Inda ya cancanci sa ido shi ne kaya masu launi da ake sawa a leɓe ko waɗanda yaro ke iya kaiwa baki, musamman waɗanda ba su da lambar NAFDAC, domin likitoci ba su san wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro ba.

Mai ƙaramar sana'a ba ya bukatar mallakar na'ura. Kaki da launi na kirki suna zuwa da takardar gwaji daga inda aka yi su, kuma haƙƙin mai saye ne ya nema daga dila. Idan ta zo hannu, a duba ko lambar da ke kanta ta yi daidai da ta jikin katan, a duba hanyar da aka bi wajen narka samfurin, a duba iyakar ganin na'urar ga dalma da kadmiyam da asanik. Dilan da ya kasa kawo takardar launi, a bar masa launinsa.